Kuɗin Iska: Kada a Yi Cinikin Biri a Sama

A ƴan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo ofisoshin Yamai, har ta soma isa garuruwan karkara na jahohin Maradi, Damagaram, Tawa da Doso. Ana cewa akwai kuɗi cikin iccen da manomi ya raya a gonarsa, da murhun da ba ya cin icce da yawa, da fanfon da aka gyara a bakin gari, da kuma faifan da ke maida hasken rana wutar lantarki. Masana na kiran wannan harka kasuwar karbon. Da Hausa ana iya ce mata kuɗin iska, sunan kuwa na da fuska biyu: iska ce ake sayarwa, kuma in ba a yi hattara ba cinikin kansa na iya bin iska.

Kuɗin akwai su, wannan gaskiya ne. Amma wajibi ne magabata da jama'a su gane tun da wuri cewa ciniki ne sosai, da mai saye da mai sayarwa da dillali a tsakani. A wannan ciniki Nijar ce mai kaya. Mai kayan da bai san awon kayansa ba, bai kuma tambayi farashin kasuwa ba, shi ne ke komawa gida hannu rabbana.

Abin da ake sayarwa

Duk lokacin da aka ƙona gawayin ƙasa, ko man fetur, ko gazuwal, ko icce, wata iska na fita wadda ido ba ya gani, ita ce iskar karbon. Idan ta taru a sama sai ta riƙe zafin rana tamkar bargo, duniya ta yi ta ɗumama, damina ta rikice. Masana'antu da motoci da jiragen manyan ƙasashe su suka fi zuba ta. Nahiyar Afirka baki ɗaya wajen kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa. In an raba bisa yawan jama'a, abin da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona mai da gawayin ƙasa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tan guda ba, alhali Ba'amurke ɗaya na fitar da wajen tan 14. Wahalar kuwa ba ta bi wannan rabo ba. Ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984 ita ce kuma ta ga ambaliyar 2024, wadda ta kashe mutane fiye da 300, ta shafi fiye da miliyon ɗaya, ta rushe tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19.

A shekarar 1997, a birnin Kiyoto na ƙasar Japan, aka ɗora wa ƙasashe masu masana'antu nauyin rage hayaƙinsu. Aka kuma buɗe musu wata ƙofa: suna iya biyan kuɗin wani aiki a ƙasa mai tasowa, aikin da zai rage iskar karbon ko ya tsotse ta, sannan su rubuta abin da aka rage cikin nasu lissafi. Kowace tan ɗaya da aka rage ana ba ta takardar shaida ɗaya, takardar ce ake saye da sayarwa. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ci gaba da wannan hanya a sashenta na 6, aka kammala ƙa'idodin sashen a taron Baku na 2024. Nijar ta amince da yarjejeniyoyin biyu, ta farko a 2004, ta biyu a 2016. Ban da wannan akwai wata kasuwa ta sa-kai, inda kamfanoni ke sayen takardun don ra'ayin kansu, domin su ce wa masu sayen kayansu sun biya bashin hayaƙin da suka yi. Ƙungiyoyi irin su Verra da Gold Standard su ke riƙe da rajistar wannan kasuwa.

Takarda ba ta da daraja sai ta cika sharuɗɗa: a ce da gaske an rage iskar, a ce ba don kuɗin ba da aikin bai yiwu ba, a ce kuma abin da aka rage ba zai koma sama gobe ba. In takardar ta ƙarya ce, kamfanin ya ci gaba da hayaƙinsa, babu abin da aka rage, zafin kuma ya sauka bisa gonar manomin Sahel.

Darasin dakwara

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa. Tun wajen 2006 aka soma dasa dakwara, iccen da ke ba da ƙaro, bisa matattun filaye a jahohi da dama, da tallafin wani asusu na Bankin Duniya. Jama'ar garuruwa 26, ciki har da Kone Beri a arewa da Yamai, suka raya wajen hekta 7,000. Kuɗin karbon ba su shigo hannu ba sai a 2020, dalar Amurka 450,000, wato wajen miliyon 260 na sefa.

Duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya yin wannan lissafi da kansa. In an raba kuɗin bisa hektocin, kowace hekta ba ta samu jika 40 ba, bayan jiran shekara 14. Aikin bai faɗi ba, domin filin da a da ko ciyawa ba ya fitarwa ya koma yana ba da ƙaro da abincin bisashe, ƙasar kuma ta daina zaizayewa. Amma ribar ta fito ne daga ƙasa, kuɗin iska gyara ne kawai bisa awo. Garin da aka yi wa alkawarin arziki daga takardun karbon kaɗai, an yi masa romon baka.

Darasi na biyu ya fi wannan girma. Bayan muhawarar ƙasa bisa yaƙi da hamada da aka yi a Maradi cikin watan Mayu na 1984, manoman wannan yanki suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma cikin gona maimakon a sare shi. Binciken da aka yi da hotunan sama ya nuna an raya wajen hekta miliyon 5 da itatuwa kusan miliyon 200, yawanci a jahohin Maradi da Damagaram. Kasuwar karbon ba ta biya wannan gagarumin aiki ba, tunda ƙa'idarta ba ta biyan abin da aka riga aka yi ba tare da ita ba. Manomi ya yi shi ne don ya ga hatsi ya fi kyau ƙarƙashin gawo, bisashensa sun samu ganye da ƴaƴan icce da rani, matarsa kuma ta huta da doguwar tafiya neman itacen girki. Icce na tsayawa inda mai shi ke cin moriyarsa. Duk tsarin karbon da ya manta da wannan, itatuwansa ba za su wuce ranar da kuɗin suka ƙare ba.

Ruwan sha

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan rijiya da hayaƙi? Ga yadda ake lissafin. Ana cewa gidan da ba shi da ruwa mai tsabta dole ya dafa ruwa kafin ya sha, dafawar kuwa na cin icce. In an gyara fanfon burtsatse, wanda jama'a ke kira foraj, ko aka raba matatar ruwa, gidan ya daina dafawa, icce ya tsira, hayaƙi ya ragu. Sai dai kowa ya sani ba kowane gida ne ke dafa ruwan sha a karkara ba, icce ya yi tsada da yin haka. Don haka aka kawo wata ƙa'ida da ta yarda a lissafa iccen da ya kamata a ce an ƙona da a ce gidan na da hali. Niyyar ƙa'idar mai kyau ce, don kada talauci ya hana talaka shiga kasuwar. Amma ƙofa ce da mai son zuciya ke iya shigowa ya kumbura lissafi.

An ga misali a yammacin ƙasar Kenya, inda a 2011 wani kamfani ya raba matatun ruwa ga gidaje kusan 900,000, yana sa ran maida kuɗinsa daga takardun karbon. Da masu bincike masu zaman kansu suka bi gida gida bayan ƴan shekaru, sai suka tarar gidaje kaɗan ne ke amfani da matatun. Kayan an raba, amma ruwan da yara ke sha bai canza ba a yawancin gidajen.

Duk da haka akwai wani alheri cikin wannan hanya da ya dace da ciwon Nijar. Tun zamanin da hukumar OFEDES, wadda aka kafa a 1963, ke gina rijiyoyin siminti, har zuwa zamanin fanfon taka-taka da na hannu, babbar matsalar ruwan karkara ita ce gyara. Ana haƙa foraj, a yi bukin buɗewa, bayan shekara biyu ko uku wani ƙarfe ya karye, asusun kwamitin ruwa babu kome, mata su koma tafki. Kuɗin karbon kuwa, in an bi ƙa'ida, ba a biyan su sai an tabbata fanfon ya yi aiki cikin shekarar kuma ruwansa mai kyau ne. Wato mai tsarin ba ya samun ko dala sai ruwa na zuba. In magabata suka tsaya bisa wannan sharaɗi, za a samu abin da aka daɗe ana nema: makaniki mai zagayawa, kayan gyara a kusa, da awon ruwa a kai a kai. Awon ruwa ba abin wasa ba ne. Mutanen Tibiri ta Maradi ba su manta da foraj ɗin da aka buɗe a tsakiyar shekarun 1980 ba, wanda yawan sinadarin fuluwo a cikin ruwansa ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gano.

Murhu da hasken rana

Galibin gidajen Nijar da icce suke girki, shi ya sa murhu mai tsimin icce ya daɗe cikin ayyukan ƙasa. Matan birane na tune da murhun ƙarfe Mai Sauƙi na shekarun 1980. A yau raba irin waɗannan murahu na cikin manyan hanyoyin samun takardun karbon a Afirka. Amma a farkon 2024 masana na jami'ar Kalifoniya a Amurka sun wallafa bincike da ya nuna takardun da aka bayar bisa ayyukan murhu sun ninka abin da aka rage na gaskiya wajen sau tara. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san madafa: uwargida na karɓar sabon murhu, amma ranar suna ko biki, ko in tukunyar tuwo babba ce, sai ta koma ga duwatsunta uku. Murhun da ba a ƙera shi daidai da tukunya da muciyar matan ƙasar ba, ajiya zai zama. Ya kamata a ba maƙeran gida aikin ƙera shi, a saurari mata kafin a zana shi, a kuma auna iccen da ake ƙonawa da sikeli cikin gidaje maimakon ƙiyasi daga ofis.

Game da hasken rana, Nijar na da tarihin da za ta yi alfahari da shi. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL a Yamai, inda marigayi Abdou Moumouni Dioffo ya jagoranci bincike bisa na'urorin dafa ruwa da injinan da ke aiki da zafin rana. An buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, sannan ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023. Da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023, kowa ya ga amfanin wutar da ake samarwa a gida. Manyan masu rajistar kasuwar sa-kai sun daina karɓar sababbin manyan tashoshin rana da na iska daga ƙasashe masu hali, tunda can suna biyan kansu, amma sun bar ƙofa a buɗe ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin Nijar.

A nan ma lissafi ne zai nuna inda riba take. Lita ɗaya ta gazuwal na fitar da wajen kilo 2.7 na iskar karbon. Ke nan sai an tsimi kusan lita 370 kafin a samu takarda ɗaya. Mai lambun albasa a Galmi ko mai gidan likitan karkara da ya maida injinsa na gazuwal ya koma ga faifan rana, lita 370 ɗin nan sun tsirar masa da fiye da jika 200 bisa farashin mai na 2024. Takardar kuwa, a kasuwar sa-kai ta 2023, matsakaicin farashinta bai kai dalar Amurka 10 ba, wato bai kai jika 6 ba. A cikin wannan shekarar ce farashin izinin fitar da tan ɗaya a kasuwar Tarayyar Turai ya taɓa Yuro 100, wajen jika 65. Amfanin kuɗin karbon a nan shi ne su rage tsadar sayen faifai da fanfo a ranar farko, ranar da manomi ba shi da jari. Farashin ma ba tsayayye ba ne: takardun tsarin Kiyoto da suka kai wajen Yuro 20 a 2008 sun faɗi ƙasa da Yuro ɗaya a ƙarshen 2012, ayyuka da yawa suka tsaya cak.

Ƙasa da makiyaya

Haɗari mafi girma na cikin ayyukan da suka shafi fili. Yarjejeniyar itatuwa na ɗaure ƙasa shekara 20, ko 30, ko fiye, wato mai gari na iya sa hannu a yau bisa abin da zai ɗaure jikokinsa. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a Laberiya kan wata yarjejeniya da za ta ba wani kamfanin Dubai ikon karbon bisa wajen kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar. A arewacin Kenya, a watan Janairu na 2025, kotu ta yanke cewa an kafa wasu gandaye biyu bisa filin makiyaya ba bisa doka ba, ɗaya daga cikinsu kuwa na cikin wani babban tsarin karbon.

Filin da baƙo ke gani babu kowa, da damina makiyaya ce, ko burtali, ko hanyar mashaya. In aka kewaye shi da sunan raya icce ba tare da makiyayi ya zauna an yi shawara da shi ba, an shuka rigima. Nijar na da dokokin da za su kare ta: kundin dokar karkara na 1993 da hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, dokar gandun daji ta 2004, dokar kiwo ta 2010, da dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa itatuwan da ya raya a gonarsa. Saura a ce wa duk mai zuwa da maganar karbon ya bi ta waɗannan ƙofofi.

Abin da ya wajaba

Nauyi na farko na wuyan hukuma. Ƙasa na da majalisar kula da muhalli, CNEDD, tun 1996, tana da ma'aikatan gandun daji da na ruwa da masanan jami'a. Ya kamata a samu rajista ɗaya ta ƙasa, a buɗe take ga kowa, inda za a rubuta kowane tsari: wurinsa, mai shi, yawan takardun da ya sayar da farashinsu. Ya kamata doka ta yanke rabon jama'a tun kafin a sa hannu. Kenya ta yi haka bayan gyaran dokarta a 2023, inda ta ware wa al'umma aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin ayyukan da suka shafi fili, da kashi 25 na sauran. A kuma tuna cewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Paris, tan ɗin da Nijar ta amince ta sayar wa wata ƙasa dole ta cire ta daga nata lissafi. Ƙasar da ta sayar da masu sauƙin da araha, gobe za ta cika nata alkawari da masu tsada. Horar da ƴan ƙasa su iya awo da bincike shi ma tilas ne, domin muddin masu awon daga ƙetare suke zuwa, babban kaso na kuɗin zai koma ta hanyar da ya zo.

Nauyi na biyu na wuyan sarakunan gargajiya, masu gari da shugabannin ƙananan hukumomi. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa bisa takardar da ba a fassara ta cikin harshen jama'a ba, aka kuma karanta ta a dandali, gaban maza da mata, manoma da makiyaya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da ya karɓi goro a ɓoye, shi zai tsaya ya hana talakawansa filinsu a sarari.

Nauyi na uku na wuyan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. Su ne magatakardan kwamitin ruwa, su ne masu riƙe littafin ƙungiyoyin manoma da na mata. Su ya kamata su yi tambayoyin da ke raba ciniki da yaudara. Shekara nawa yarjejeniyar za ta yi? Filin na wa ne bayan an sa hannu, kuma za a ci gaba da kiwo da sassabe a cikinsa? Nawa aka sayar da takardar, nawa ne rabon gari, cikin wane asusu za a zuba? In fanfo ya lalace, wa zai gyara, cikin kwana nawa? Su kuma riƙa rubuta ranakun da fanfo ya tsaya da yawan itatuwan da suka rayu, domin littafin gari shi ne shaidar da babu mai iya musawa.

Ma'aunin da ya fi kowane sauƙi shi ne wannan: aikin da zai amfani gari ko da ba a biya kuɗin karbon ba, a karɓe shi hannu biyu, kuɗin in sun zo ƙari ne. Aikin da ba shi da wani amfani sai takardar da za a sayar a ƙetare, a sallami mai shi da girma da arziki. Manoman da suka raya itatuwa miliyon 200 da gatari da haƙuri sun cancanci a yi ciniki da su ido da ido, kaya a ƙasa, awo a fili. Allah ya ba da damina mai albarka, ya ba magabata ikon riƙe amana.